Mai Iri a Bakin Jirgi

Assalamu alaikum 'yan uwa masu bin labarin nan. Tun da na dakata wancan karon akwatin saƙona bai huta ba, kuma kun rabu gida biyu. Wasu na tambayar ko Abba ya amince da Yamusa, wasu kuwa ba ruwansu da aurena, su dai in faɗa musu ko Mai Iri zai mutu a kashi na biyu na gem ɗin Ayarin Ƙarshe. Ku na biyun nan Allah ya shirye ku. Amma ban ga laifinku ba, don ni ma a satin nan abu biyun sun cakuɗe mini har na kasa raba su.

Ga sababbin zuwa, sunana Mashkura, a Kubwa gidanmu yake. Abbanmu Alhaji Bello Bakatsine ne, atamfa da leshi yake sayarwa a kasuwar Wuse tun Abuja ba ta yi wannan ƙibar ba. Shi kuma Ayarin Ƙarshe gem ne na kwamfuta da wasu samari suka haɗa a wani ɗan ofis a Garki. A cikinsa duniya ta bushe, rana na neman cinye ta, sai a damƙa maka jiragen sararin samaniya 'yan kaɗan a ce kai ne madugu, kwashi mutane ka kai su wata duniyar. Ba na harbe-harbe ba ne, na dabara ne. Kai za ka auna ruwa, ka auna mai, ka zaɓi wanda zai shiga jirgi da wanda za a bari. Ranar da na fara buga shi a laftof ɗin yayana, na ji matuƙin jirgi ya ce "Bismillah, mu tafi" da Hausar gidanmu, sai da tsikar jikina ta tashi. Ban taɓa zaton za a kai harshenmu cikin taurari ba.

Mai Iri wani tsoho ne a cikin gem ɗin. Ba ya yaƙi, ba ya tuƙi, tafiyarsa ma sai an jira shi, ga buhunansa na irin dawa da doya suna cinye wurin da sojoji za su zauna. Yawancin masu bugawa tun a matakin farko suke barinsa, su yi nasara cikin sauƙi. In ka ɗauke shi kuwa ka ɗauki wahala. Amma ku zo ku ga yadda aka zana shi. Hular kansa ta kwanta gefe guda, dugadugansa sun yi faso, in jirgi ya natsa cikin duhu za ka same shi a gefen taga yana shafa wa irin doya toka, duk yaron da ya wuce sai ya tambaye shi ko ya ci abinci. Wallahi ina son tsohon nan kamar na san gidansu.

A zaurenmu na Facebook, Majalisar Ayari, na haɗu da Yamusa. Ina ta zuba musu a kan Mai Iri, sai wani mai hoton bishiya ya turo mini saƙo yana neman lambata ta BBM, manhajar hira ta waya. Na ja masa aji yadda ya kamata kafin na bayar. Sai daga baya na gane ashe shi ne mai rubuta labarin gem ɗin gaba ɗaya. Ɗan Sheda ne, wani gari a nan yankin Abuja, dogo, baƙi, mai magana kamar ana sayar masa da kalmomi. Ya san abin da zai faru da kowa a kashi na biyu, amma ko da wasa bai taɓa ɗanɗana mini ba. Na yi shagwaɓa, na yi fushi, na yi masa dambun nama. Ya cinye dambun tas, ya yi godiya, ya ce amanar abokan aikinsa ce. Haushi ya kama ni a ranar, amma ba zan ɓoye muku ba, a ranar ne kuma ya gama shiga raina.

To, Litinin ɗin nan da safe Abba ya ajiye kofin shayi ya ce in gaya wa yaron nan ya turo magabatansa ranar Asabar. Na sunkuyar da kai kamar mutuniyar kirki, ina shiga ɗaki na faɗa kan gado ina cizon matashi. Da rana kuma masu gem ɗin suka saki tallan kashi na biyu.

Ɗan gajere ne. An nuna ayari zai sake tashi daga duniyar da aka yada zango, mutane na gudu, jan yashi na tashi, ƙofar jirgin ƙarshe tana rufewa a hankali. A waje kuwa Mai Iri ne tsaye shi kaɗai, fartanya a kafaɗa, ko hannu bai ɗaga ba. Sai duhu.

Majalisa ta kama da wuta. Badaruddeen, wanda muke kira lauyan zaure saboda tsawon rubutunsa, ya ce tsohon ya riga ya mutu, fatalwarsa ce, hujjarsa kuwa ba shi da inuwa a kan yashin. Wani Nathan ya tsayar da hoton ya zagaye wata 'yar baƙar alama da jan layi ya ce ga inuwar nan, tsohon da kansa ya zaɓi zama don ya ga ƙasar za ta yi noma. Ƙanwata Yusra, da ba ta taɓa wuce mataki na uku ba, ta rantse shi ne maci amanar ayari, wai duk mai shiru-shiru a ji tsoronsa. Ni kuwa na rubuta cewa ku dubi fitilar saman ƙofa, har hoton ya ɗauke koriya ce, ba ta koma ja ba, kuma duk wanda ya san gem ɗin ya san ƙofa ba ta kulluwa sai fitila ta yi ja. Madugu zai buɗe. Babu madugun kirki da zai tashi ya bar wannan tsohon a ƙasa. Aka yi ta yaba mini, kaina ya yi girma, na tura wa Yamusa.

"Fitilar koriya ce ko? Just say yes."

"Ta yi kyau dai," ya amsa. "Wanda ya zana ta ya iya aiki."

"Kai ɗin nan."

"Asabar ƙarfe nawa Abba ya ce?"

Kun ga irin mutumin da nake fama da shi.

Laraba Gwaggo Saudatu ta sauka daga Katsina da jakunkuna da ƙullin daddawa. Yayar Abba ce, kuma a danginmu zancen aure nata ne, Umma sai dai ta saurara. Kada ku ɗauke ta muguwa. Ita ta yi wa Umma wankan jego da aka haife ni, duk Sallah da ɗinkina take zuwa, kuma in tana dariya har maƙwabta sai sun ji. Ta same ni a ɗaki ina gwada wani leshi ruwan toka da mayafinsa, ta zauna a bakin gado, ta sa na juya gaba na juya baya, ta ce hannun rigar ya matse. Sannan ta shiga tambaya. Sana'arsa? Na ce yana rubuta wa kwamfuta labari. Ta ce to, ba caca ba ce dai? Na ce a'a. Salla? Na ce liman ma ya san shi. Mahaifinsa? Na ce ya rasu tun Yamusa na ƙarami, Musulmi ne, wan mahaifin ne ya riƙe shi, kuma shi zai zo ranar Asabar.

"Alhaji wa?"

"Baba Thaddeus."

Sai da ta sa na maimaita. Ta kasa faɗar sunan daidai, ta bar shi. Na yi mata bayanin cewa gidansu haka yake, kamar gidaje da yawa a can, wani na masallaci wani na coci, tukunya ɗaya. Ta murza zoben hannunta, sannan ta jawo ni kusa ta sassauta murya. Ta ce ita ba ta ƙi yaro ba, amma ta san ƙanenta, ta kuma san bakin mutanen gida in labari ya koma Katsina. Ta ce nan Abuja ce, garin baƙi, wa ya zo da ubansa? Rabin auren da ake ɗaurawa a garin nan da iyayen aro ake nemansa. Yaro ya samu wani dattijo a masallacin unguwa, ko ogansa na ofis, a naɗa rawani a zo a yi magana mai daɗi, shi ke nan. Surukinta na Gwarimpa ma haka ya yi, ga su nan da 'ya'yansu lafiya lau. In an ɗaura, komai ya fito daga baya, ai bakin alƙalami ya bushe.

"Tsohon ya yi zamansa a gona," ta ce. "Ba a ce an raba su ba. Yini ɗaya ne."

Yini ɗaya ne. Haka na yi ta nanata wa kaina har maganar ta yi mini daɗi a kunne. Ina son Yamusa, ina tsoron fuskar Abba, ga hanya mai sauƙi an shimfiɗa mini. Bayan la'asar na ɗauki waya na rubuta, na goge, na sake rubutawa.

"Please kar ka ji haushi. Gwaggo ta ce ko za ka samu wani Alhaji ya wakilce ka ranar Asabar. Baba ya huta kawai, daga baya sai ya zo. For our sake."

Na ga alamar ya karanta. Bai amsa ba. Na tura masa fuskar mai kuka, na tura masa ƙarar nan mai girgiza waya, shiru. A Majalisa kuwa ana ta kirana in zo in kare maganata ta fitila, don Badaruddeen ya dawo da wani dogon rubutu. Ko buɗewa ban yi ba.

Alhamis da yamma Yusra ta leƙo ta ce ga mai gem ɗinki can a baranda. Na zura doguwar riga baƙa, na yafa mayafi, ko hoda ban shafa ba. Yana zaune a kan farar kujerar roba cikin shadda ruwan ƙasa, ga manyan doya a jingine da bango, ya ce Baba ne ya haƙo da hannunsa ya ce a kawo wa Umma. Na kawo masa zoɓo, ya riƙe kofin bai sha ba.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Labari ya ba ni, a hankali, yana kallon ƙasa. Ya ce da mahaifinsa ya rasu, dangi sun so a mai da shi coci tunda can kowa yake, Baba Thaddeus ya ce a'a, ƙanensa a kan Musulunci ya bar yaron, a kan haka zai mai da masa shi ranar da za su haɗu. Shi yake goya shi a keke ya kai shi Islamiyya a garin gaba, ya zauna a gindin mangwaro har a tashi. Da azumi shi yake tashinsa sahur. Ko kazar Kirsimeti sai an kira malam ya yanka, don kada yaro ya zauna yana kallon mutane suna ci. Ya ce tun Litinin tsohon ya kai wa tela farin yadi, yana ta bitar abin da zai faɗa wa Abba, yana tambayar jikokinsa ko Hausarsa ta fita.

"Ranar ɗaurin aure limamin garinmu ne wakilina, wannan Baba da kansa ya faɗa," ya ce. "Amma roƙon, nasa ne. Ba zan yi aron uba ba, Mashkura, ina da shi."

"In Abba ya ƙi fa?"

"Zan ji ciwo sosai."

Na jira ya ce zai sake tunani, bai ce ba. Idona ya cika, kuma kun san ni, in kuka ya zo mini sai in koma tsiwa. Na ce to tunda aurena ma ba za a taimaka mini ba, a faɗa mini ko Mai Iri zai shiga jirgi, in samu abu ɗaya a hannuna.

Ya ɗan yi murmushi. Ya ce wannan ba zai faɗa ba, amma zai faɗa mini abin da bai taɓa faɗa ba. Ya ce lokacin da suka saki kashi na farko, kullum yana shiga Majalisa da hoton bishiyarsa yana karanta yadda mutane ke alfahari da dabarar barin tsohon, har ya fara tunanin ko shi ne bai iya rubutu ba. Sai ya ga wata yarinya tana faɗuwa a mataki ɗaya sau ba adadi, ana yi mata dariya, ana ce mata ki sauke tsohon ki wuce, tana cewa sai dai jirgin ya faɗi da su duka.

"Shi ya sa na nemi lambarki," ya ce. "Da Baba na zana shi. Har hular."

Ya ajiye kofin, ya ce in gaida Umma, ya tafi. Na daɗe a barandar ina kallon doyar nan. Kunya ce ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba, kuma a ƙarƙashinta wani irin alfahari da shi. Mutumin nan yana sona, na sani, amma ya gwammace ya rasa ni da ya ce wa tsohon nan ya zauna a gida.

Juma'a bayan an sauko masallaci na sami Abba a falonsa yana cin tuwon shinkafa, babbar rigarsa a rataye a hannun kujera. Ban shawarci Gwaggo ba. Na durƙusa nesa kaɗan na ce ina da magana. Na faɗa masa komai, sunan Baba, cocinsa, keken, sahur ɗin. Na faɗa masa saƙon da na tura da amsar da aka ba ni. Sunan Gwaggo kawai na ɓoye, na ce shawarar zuciyata ce, ko da yake yadda ya kalli ƙofar ɗakinta na san bai yarda ba.

Abba mutum ne da in yana auna yadi ba a yi masa magana, haka kuma yake auna zance. Ya gama cin abincinsa, ya wanke hannu, ya goge.

"Ke kika ce ya yi aro?"

"Eh, Abba."

"Shi ya ce a'a?"

"Eh."

Ya ce in kwashe kwanukan. Fuskarsa ba ta nuna mini gabas ko yamma ba. Da Gwaggo ta ji, ta riƙe haɓa ta ce na kashe kaina da bakina, ta shige ɗaki tana ta salati. Daga baya dai ita ce ta fito ta kama yankan albasar gobe, tana yi tana harara ta.

Asabar tun da safe gida ya ɗauki ƙamshin turaren wuta da soyayyen kaji. Ƙannen Abba biyu suka iso da manyan riguna, aka shimfiɗa sabon kafet a falo. Na sa leshin nan ruwan toka, tela ya saki hannun, Yusra ta ɗaura mini ɗankwali. Wayata na ta ƙara, 'yan Majalisa ne, wai an gano wani sabon abu a tallan, tsohon yana ɗan murmushi in aka rage gudun hoton. Na kife ta a kan gado.

Da hantsi wata tsohuwar mota ta tsaya a ƙofar gida. Ni da Yusra muka manne a labulen taga. Dattawa biyu suka fito, sannan Baba Thaddeus. Gajere ne, siriri, farin kaftanin ya yi masa yawa har yana tattare shi da hannu, ga goro a cikin sabuwar ƙwarya ya rungume a ƙirji. Tun daga bakin get ya tuɓe takalmansa, ya tako tsakar gida da ƙafa, a kan siminti mai zafi. Abba ya fito tarbarsu, sai na ji muryar tsohon.

"Alhaji, sannu da gida. Na zo roƙo ne. Yarona ta ga 'yarka, ta ce ba ta iya barci."

Yusra ta toshe baki za ta yi dariya, na maƙure ta. Ni hawaye ne suka zubo mini. Abba ya sunkuya da kansa ya ɗauko takalman ya ajiye a gaban tsohon, suka shige falo, aka saki labule.

Daga nan sai jira. Gwaggo na zaune a kan darduma da carbi, Umma na ta goge farantin da ya riga ya bushe. Ba ma jin komai sai ƙarar fanka da tari jefi-jefi. A gidanmu ba a kiran yarinya wurin irin wannan zama, maza ne ke gamawa a aiko wa mata da sakamako, saboda haka da na ji takun Abba a baranda na ɗauka wurin Gwaggo ya nufa. Sai ya tsaya a ƙofar ɗakina. Bai shigo ba, bai kuma ɗaga murya ba.

"Mashkura, yafa mayafinki ki zo."

Gwaggo ta miƙe tsaye. "Bello, wurin maza?"

"Wurin maza, Yaya. Ban ba su amsa ba tukuna. Mutumin nan zaune yake yana ta yi mini godiya a kan tarbiyyar 'yata, bai san komai ba." Ya juyo gare ni. "Za ki zo ki durƙusa a gabansa, ki faɗa masa da bakinki saƙon da kika tura wa ɗansa. In ya ji ya ce har yanzu yana roƙo, sai in yi magana."

Na laluba mayafina a kan gado na yafa. Abba ya ɗaga mini labulen falo ya tsaya yana jira, daga ciki kuma na hango tsohon ya gyara zama, yana washe baki, yana miƙo mini hannu biyu.